Tsohon Babur: Gwangwan Ne Ko Dukiya?

Kafin in shiga magana bari in roƙi arziki. Ni Hausa ba a nono na sha ta ba, a bakin 'yan kasuwar Sabo ta Ibadan na fara tsintar ta, sannan na zo aji malamai suka ɗora ni a kan hanya. Saboda haka in an ga na yi tuntuɓe a wani wuri a yi mini afuwa, a dubi abin da nake son faɗa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani ƙarfe ne da aka sayar a gidanmu. Kakana na wajen uba malamin firamare ne. A shekarar 1975, lokacin da gwamnatin Janar Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashin nan da ake kira Udoji, har da ariyas, sai ya tattara kuɗin ya sayi babur ƙirar Honda CD175, baƙi, mai silinda biyu da salansa biyu. A kansa ya yi ta zuwa makaranta sama da shekara ashirin, a kansa ya kai kakata asibiti ranar da za ta haifi autansu. Da ƙarfinsa ya ƙare sai ya tura shi ɗakin ajiya ya lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Mu jikoki a nan muka taso muka same shi, muna hawa muna yin ƙugin inji da baki. Bayan rasuwar tsohon, a hutun bara, ƙanen mahaifina ya kira 'yan gwangwan. Suka zo da guduma da sikeli, suka farfasa shi, suka auna, suka biya. Kuɗin da suka bayar bai kai na buhun shinkafa ba.

Da na dawo makaranta na ba abokan kwanana labari, sai ɗayansu ya zaro waya ya nuna mini hoton wani tsohon babur ruwan ɗorawa da aka sayar a Amurka sama da dala miliyan ɗaya. Ya ce, “Mutumina, ai kun yi asarar miliyoyi! Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.” Na biyu kuwa cewa ya yi, “Ku bar maganar tsofaffi. Ni in na sami kuɗi fawa-baik zan saya in ajiye, bayan shekara biyar in sayar in ci riba ninki biyu.” Muka kwana muna musu. Tun daga ranar na shiga bin labarin wannan kasuwa, kuma abin da na gano shi ne su biyun duk sun yi kuskure, kodayake kowannensu ya taɓo wani gefe na gaskiya.

Da farko dai kasuwar tana nan, ba tatsuniya ba ce. Cibiyarta Amurka da Ingila, sai Italiya da Jamus da Japan. Kowace shekara a watan Janairu kamfanin gwanjo na Mecum kan tara babura sama da dubu a birnin Las Vegas, a yi kwanaki ana buga guduma. A Ingila kuma kamfanin Bonhams kan yi nasa a garin Stafford. A nan ne ɗalibin harshe zai yi murmushi. Mu a wurinmu in an ce gwanjo, abin da ke zuwa a rai shi ne tsofaffin riguna da aka zube a ƙasa ana cewa araha ta kashe mai tsada. A can kuwa gwanjo shi ne inda masu hannu da shuni ke zuwa su yi rige-rigen ƙara kuɗi. Kalma ɗaya ce, amma kowa da irin gwanjonsa.

Babur ɗin da abokina ya nuna mini sunansa Cyclone, ƙirar 1915. Wani ƙaramin kamfani ne a birnin St. Paul na jihar Minnesota ya yi shi, kuma kamfanin bai yi tsawon rai ba, kafin 1920 ya daina. A farkon 2025 aka sayar da shi a Las Vegas a kan dala miliyan 1.32. Kafin wannan, a 2023, an sayar da wani Harley-Davidson na 1908 a kan dala 935,000, wanda tun a 1941 aka tsinto shi a wani rumbun gona a jihar Wisconsin. A 2018 kuma Bonhams ya sayar da Vincent Black Lightning na 1951 a kan dala 929,000. Mai karatu ya lissafa da naira da kansa, ni kaina juya mini yake yi.

To, tambayar ita ce, me ake saye da wannan maƙudan kuɗi? In ƙarfe ne, ai na kakana ma ƙarfe ne.

Abu na farko shi ne ƙaranci. Cyclone da suka rage a duniya ba su kai ashirin ba. Black Lightning kuwa talatin da 'yan kai kacal aka ƙera, kuma kamfanin Vincent, da ke garin Stevenage a Ingila, ya daina yin babura tun 1955. Ke nan ko nawa mutum yake da shi ba zai je ya ce a yi masa sabo ba. Sai ya jira wani ya mutu ko ya talauce.

Na biyu, wanda ni ya fi jan hankalina, shi ne labari. Wannan Black Lightning da aka sayar a 2018, wani mutumin Ostareliya mai suna Jack Ehret ne ya hau shi a 1953 ya yi gudun kilomita kusan 228 a awa, gudun da ba a taɓa yin irinsa a ƙasar ba a lokacin, kuma ya riƙe shi kusan shekara hamsin. Sunan Vincent kansa ya yi tashe ne tun 1948, ranar da wani Ba'amurke, Rollie Free, ya tuɓe kayansa ya bar ɗan kamfai da hular wanka, ya kwanta rub-da-ciki a kan babur don kada iska ta riƙe shi, ya zura a filin gishiri na Bonneville da gudun kilomita 241 a awa. Hoton wannan wauta tasa har yau yana sayar da baburan Vincent. Haka ma Brough Superior, wanda aka riƙa ƙerawa a Nottingham daga 1919 zuwa 1940, kimanin 3,000 duka-duka. Rabin darajarsa ta samo asali ne daga T. E. Lawrence, Baturen sojan nan da ya yi suna a ƙasashen Larabawa, wanda ya faɗi a kan irinsa a 1935 ya rasu bayan 'yan kwanaki. Abin lura a nan, likitan ƙwaƙwalwa Hugh Cairns, ɗaya daga cikin waɗanda suka duba shi, shi ne daga baya ya dage da bincike har sojojin Ingila suka wajabta hular kwano. Ashe hular da aka tilasta wa 'yan acaɓa a ƙasar nan a Janairun 2009, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su ruɗi jami'an kiyaye haɗurra, tana da dangantaka da babur ɗin da ake rububi a gwanjo.

Na uku shi ne asali, wato a ce abin yana nan yadda ya fito daga masana'anta. A nan ne tunaninsu ya saɓa da namu ƙwarai. Mu in za mu sayar da tsohon mashin sai mu kai shi wurin mai fenti, a wanke, a fesa, a manna sabuwar sitika, a sa sabuwar kujera, don ya yi kyan gani. A can yin haka zubar da kuɗi ne. Babur ɗin Ehret da tsohon fentinsa da kurjewarsa aka sayar da shi, kuma da an yi masa kwalliya da kuɗinsa ya ragu. A 2016 Bonhams ya yi gwanjon wasu Brough guda takwas da aka samo a wani ƙauye a yankin Cornwall, sun yi shekaru a yashe, tsatsa ta ci su, wasu ma a warwatse. Ɗaya daga ciki, mai silinda huɗu da tayoyi biyu a baya, ya tashi a kan fam 331,900. Da ɗan gwangwan ne ya gan su, da sikeli zai ɗauko.

Na huɗu takarda. Mai saye zai duba lambar inji da lambar firam ya ga ko su ne waɗanda kamfani ya rubuta a littafinsa ranar da aka fitar da babur ɗin. Zai nemi rasit na farko, da sunayen duk waɗanda suka taɓa mallakarsa, da takardun gyara. In babu waɗannan, to an koma cinikin biri a sama. Kuma ko da takardar ma akan yi ruɗu. A 2014 an sanar cewa an sayar da babur ɗin fim ɗin Easy Rider na 1969 a kan dala miliyan 1.35, sai ga wani mutum a jihar Texas ya ce nasa ne na ainihi, kuma dukkansu biyu mutum ɗaya ne ya ba su shaida, wato ɗan wasan kwaikwayo Dan Haggerty. In haka ta faru da attajiran da ke da lauyoyi da masana, ina ga ni da kai?

Yanzu bari in koma kan abokina na farko. In aka ɗora Honda na kakana a kan wannan ma'auni, ina ya tsaya? Ƙaranci babu, domin Honda ta yi CD175 da yawan gaske daga ƙarshen shekarun 1960 har ƙarshen na 1970, ta baza shi duniya a matsayin babur ɗin zuwa aiki. Asali kuwa sai dai a yi shiru. Shekara ashirin a hannun bakanike na bakin titi, kafireta ba tasa ba ce, fitila ta wani mashin ce, an yi wa tanki walda sau biyu, an sake fenti. Da an kai shi Stafford ba wanda zai ɗaga hannu da miliyan, ko na naira. Don haka maganar asarar miliyoyi babu ita, kuma ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai kada wani ya je gida ya tada rigima da baffanninsa saboda hoton da ya gani a waya.

Wannan bai nuna baburan Japan ba su da kasuwa ba. Suna da ita, amma a san wanne. A 1969 Honda ta fito da CB750, mai silinda huɗu da burkin faifai a gaba da sitata ta lantarki, a kan dala 1,495 a Amurka. Wannan babur yana cikin abubuwan da suka durƙusar da manyan kamfanonin Ingila, har BSA ta rushe a 1973. Da yake Honda ba ta tabbata zai karɓu ba, ba ta sayi injinan zubi masu tsada ba da farko, sai ta zuba gidan inji na kimanin 7,400 na farko ta hanya mai arha, wadda ke barin jikin ƙarfen da kaushi. Yau waɗannan masu kaushin su ake nema ruwa a jallo, sun ninka 'yan'uwansu masu santsi a kuɗi. Ka ga abin da kamfani ya yi don tsoron asara shi ya zama abin alfahari. A ɗaya gefen kuma ga Super Cub, wanda danginsa ne ake kira roba-roba a Arewa. An fara shi a 1958, kuma a 2017 Honda ta sanar cewa ta ƙera miliyan 100. Babu babur ɗin da ya kai shi amfani ga talakan duniya, amma don yawansa kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Kasuwar nan ba ta auna amfani, kuma wannan yana cikin abin da ya sa ban cika ganin girmanta ba.

Sai abokina na biyu, mai mafarkin fawa-baik. Shi ne na fi jiye wa tsoro, domin na farko baƙin ciki kawai zai yi, shi kuwa wannan kuɗi zai zuba.

Gaskiya ne akwai baburan gudu na zamani da suka riƙe darajarsu. Amma in ka duba za ka ga kusan duk 'yan ƙalilan aka yi su, kuma da dalili. Dokar gasar Superbike ta duniya, wadda aka fara a 1988, ta ce ba za a shiga tsere da babur ba sai in an sayar wa jama'a wani adadi na irinsa. Sai kamfanoni suka riƙa ƙera na tsere su sa masa fitila da madubi su sayar da kaɗan don cika sharaɗi. Haka aka sami Honda RC30, wanda Fred Merkel ya ci gasar da shi a 1988 da 1989. Tun kafin wannan, Ducati ta yi 750 Super Sport guda 401 a 1974, bayan nasarar Paul Smart a tseren Imola na 1972. Daga baya kamfanonin suka gane cewa ƙaranci kansa haja ne, suka shiga ƙirƙirarsa da gangan. Ducati ta yi Desmosedici RR guda 1,500 a kan dala 72,500 kowanne, a 2020 ta yi Superleggera V4 guda 500, kowanne da lambarsa a jiki. Honda ta fito da RC213V-S a 2015 a kan dala 184,000. Wanda ya iya sayen waɗannan tun farko ba riba yake nema don ya ci abinci ba.

Wani lokaci kuma sa'a ce kawai. Suzuki ta fito da Hayabusa a 1999, yana wuce kilomita 300 a awa. Sunan da Japananci na wani irin shaho ne, kuma an ce tsokana ce, domin babur ɗin Honda da ya zo ya kayar sunansa Blackbird, tsuntsun da wannan shaho ke farauta. Da aka fara raɗe-raɗin cewa Turai za ta sa doka, sai kamfanonin suka yi yarjejeniya a tsakaninsu suka taƙaita gudun baburansu a kilomita 299. Nan take Hayabusa na farko, wanda ba a sa wa takunkumi ba, ya zama na daban. Wa ya san haka za ta faru ranar da ya je saye?

Amma fawa-baik ɗin da abokina zai iya samu, in Allah ya hore masa, ba ya cikin waɗannan. Tokumbo ne da aka yi dubun dubatarsa, wataƙila ma wanda ya yi haɗari a can kamfanin inshora ya yi watsi da shi, aka sayo shi a gwanjon ɓaraguzai aka ɗinke a nan. Irin wannan kullum ƙasa yake yi, kamar wayar hannu, domin kowace shekara ana fito da wanda ya fi shi. Kuma ajiye babur ba kamar ajiye fili ba ne. Fili in ka bar shi ciyawa kawai zai yi. Babur kuwa fetur zai daskare a cikinsa, tanki ya yi tsatsa, batir ya mutu, taya ta tsattsage, robobin da ke riƙe mai su bushe. Ducati 916 ta 1994, wadda Massimo Tamburini ya zana kuma ake yi mata kirarin sarauniyar kyau, akwai bel a injinta da ake canjawa duk shekara biyu, ko an hau ko ba a hau ba, in kuwa ya tsinke inji ya tafi. A danshin Legas ko ƙurar hunturun Kano, wa zai yi wannan hidima, da wane kayan gyara, a hannun wane bakanike?

Akwai kuma wata yaudara da ya kamata mu 'yan Nijeriya mu fi kowa ganewa. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayi babur kafin nan ya sayar bayan nan zai ga naira ta ninka a hannunsa, ya yi ta murna ya ci riba. In ya koma zai sayo irinsa sai ya tarar kuɗin ba su kai ba. Babur ɗin bai ƙara daraja ba, naira ce ta zube. Ko a can inda kasuwar take, ba duk abin da aka ji an faɗa ne ke shiga aljihun mai kaya ba. Cyclone ɗin nan a kan dala miliyan 1.2 aka buga guduma, ragowar 120,000 la'adar kamfanin gwanjo ce da mai saye ya ɗora, kuma mai sayarwa ma akan cire masa tasa. Dillali dai ko'ina dillali ne, ko an ci riba ko an faɗi shi ya sha romo. Sannan jarida takan buga labarin wanda ya tashi a miliyan, ba ta buga na ɗaruruwan da aka mayar gida don ba a taya su da daraja ba.

Wani zai ce, to in haka ne ai duk harkar almubazzaranci ce, mutum ya zuba dala miliyan a kan ƙarfen da ba zai hau ba alhali ana kwana da yunwa. Na yarda da rabin wannan magana. Babur ɗin da aka saya sabo aka bar shi cikin akwatinsa shekara talatin, ba a taɓa zuba masa mai ba, don kawai a ce agogonsa bai motsa ba, ni tausayi yake ba ni, kamar dokin da aka ɗaure a turke tun yana ɗan duƙushi har ya tsufa. Masana suka yi shekaru suna wahala don abin ya yi gudu, wani ya mai da shi kamar kuɗin banki. Amma ɗaya rabin ban yarda ba. Saboda akwai masu biyan kuɗi, shi ya sa har yau ake samun maƙeran da ke yin kayan gyaran Vincent shekara saba'in bayan rufe kamfanin, shi ya sa ake adana littattafan masana'anta, shi ya sa yaro a Ingila zai iya zuwa gidan tarihin babura da ke kusa da Birmingham ya ga abin da kakansa ya hau. A 1998 gidan kayan fasaha na Guggenheim a New York ya yi baje kolin babura zalla, jama'a suka yi cincirindo. Kwaɗayin attajirai ne ya biya kuɗin, amma tarihin kowa ya amfana.

A nan ne abin ya dawo gida, kuma a nan ne nake ganin mun yi asara ta gaske ranar da aka fasa Honda na kakana. Ƙasashe kaɗan ne babur ya shiga rayuwarsu kamar tamu. Malamin makaranta da malamin gona da ma'aikacin lafiya na ƙauye duk a kansa suka yi aiki. Vespa ta yi zamaninta a Kano da Zariya har ta zama alamar ɗan kasuwa mai rufin asiri. Honda ta kafa masana'anta a Ota ta jihar Ogun tun 1979. Garin Nnewi ya yi arziki da kayan gyaran babur. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980 aka sami acaɓa a Arewa, okada a Kudu, kabu-kabu a wasu wurare, sana'ar da ta ciyar da miliyoyin gidaje. Daga baya Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, Legas ta hana a wasu ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, aka nuno ana murƙushe kimanin 2,000 da aka kama. Ba ina jayayya da dalilan tsaro ba ne. Abin da nake cewa shi ne zamani guda yana wucewa a gaban idonmu, kuma kayan shaidarsa suna tafiya tukunyar narka ƙarfe kilo-kilo. A gidan tarihi na Onikan a Legas an ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, kuma duk wanda ya tsaya gabanta ya ga ramukan harsashi ya san abin da gani ke yi wanda ji ba ya yi. Me zai hana a ajiye babur ɗin malamin ƙauye, da na ɗan acaɓa na farko, da rigarsa mai lamba?

Ban ga laifin 'yan gwangwan ba. Sana'arsu suke yi, kuma da yawansu Hausawa ne da suka baro gida suna tura baro cikin rana don neman halaliya, a wurin irinsu ma na koyi kalmomi da dama. Ƙanen mahaifina ma ɗaki yake so ya ba ɗan haya. Laifin na irina ne, mu da muka yi boko muka san darajar tsohon rubutu da tsohuwar waƙa, amma muka tsaya muna kallo ana sa guduma. A sashenmu ana tura mu ƙauye mu ɗauko karin magana da kirarin maƙera da sunayen kayan saƙa kafin tsofaffi su ƙare, kuma daidai ne. Amma kanikanci ma ai sana'a ce mai harshenta. Wa ya rubuta yadda salansa da fulogi da kafireta suka shigo Hausa, da sunayen da aka laƙaba wa kowane mashin, da habaicin da ake rubutawa a bayan madigadi, da zaurancen 'yan acaɓa a tasha? Yaron da aka haifa a Kano bayan 2013 ya girma bai ga kasuwar acaɓa yadda take a da ba.

Don haka shawarata ga mai tsohon babur a gida ba ta da tsada. Kada ya sa rai da miliyan, kada kuma ya yi gaggawar kiran mai sikeli. Ya tsiyaye man da ke tanki, ya cire batir, ya ɗaga tayoyin daga ƙasa, ya shafa wa ƙarfen baƙin mai, ya rufe shi inda ruwa ba ya zuba. Kada ya fesa fenti. Ya rubuta lambar inji da ta firam, ya haɗa da duk takardar da ta rage, ya zauna da mai shi in yana da rai ya ɗauki labarin a waya. In dole sai an sayar, a nemi mai son ya gyara ya hau, ko da kuɗin kaɗan ya ɗara na gwangwan. Wanda kuma ke son fawa-baik ya saya don yana son hawa, da kuɗin da zai iya rasawa, ya duba takardun kwastan, ya je da bakaniken da ya san irinsa, ya fara sayen hular kwano ta ƙwarai kafin ya taya mashin.

Da na koma gida a hutun da ya wuce na buɗe akwatin ƙarfen kakana, inda yake ajiye takardun fansho. A ƙasa na tarar da rasit ɗin babur ɗin na 1975, ya yi ja don tsufa, da lasin guda goma sha ɗaya a jere, da makulli ɗaya ɗaure da zaren lilo. Duk takardun da mai saye a Stafford zai tambaya suna nan cif, babur ɗin ne babu. Na kai wa tsohon bakaniken da ya riƙa gyara masa shi, wanda yanzu idonsa ya yi rauni, yaransa ke aiki yana zaune a benci. Ya juya makullin a hannu ya ce, “Yaro, wannan mashin na Tica ne. Giya ta uku tana fita in an hau tudu, ni na san yadda nake lallaɓa ta.” Na roƙe shi in dawo da rikoda, ya ce in zo ranar Lahadi bayan la'asar, lokacin da gareji ba hayaniya.